Ranar da kawu ya zare igiyar sikeli

Shekarun baya, ina aji na uku a kolej, yayana ya dawo Magaria hutu da wani aikin sitaj, wato koyon aiki, da bai gama ba. Wata ƙungiyar manoman wake a Bande ta samu sikeli na zamani, shi kuma aka ba shi rubuta ɗan kod ɗin da zai sa ordinata, wato kwamfuta, ta riƙa karanta nauyin buhu daga sikelin. In malaminsa na Zinder bai amince da kod ɗin ba, sai ya maimaita shekara.

Malamin ya mayar masa da aikin cike da gyara. Wasu layukan sun yi tsawo, tazara ba ta daidaita ba, sunaye ba sa nuna aikinsu. A ƙasa ya tambaya: in sikelin ya ɓace ana tsakiyar awo, me kod ɗinka zai yi?

Yayana ya yi tsaki. "Sikeli ƙafa gare shi? Ina zai je?"

Ni dai ina gefe ina tsince shinkafa. Na lura in ransa ya ɓaci da yatsa ɗaya yake bugun madannai. Ya gyara tazarar, ya ƙyale tambayar.

Ranar Juma'a ya shimfiɗa kayan a zaure yana gwaji da buhun geron mahaifiyata. Sai ga kawunmu daga Dogo-Dogo, wayarsa ta mutu a hanya. A gidanmu duk ramin da aka gani jikin na'ura na sharji ne. Yana cikin gaisuwa ya zare igiyar sikelin daga jikin ordinata, ya soka ta wayarsa.

Ordinata ta daskare. Linzaminta ma ya ƙi motsi.

"Kawu! Me ka yi?"

"Kai yaro, ɗan sharji kawai. Injin naka rowa gare shi?"

Na yi dariya cikin hijabi har na zubar da rabin shinkafar da nake tsincewa ranar ma, ni aka yi wa faɗa.

Bayan la'asar yayana ya zauna ya bi duk inda kod ɗin ke jiran amsar sikeli, ya rubuta abin da zai yi in amsa ba ta zo ba: ya daina jira, ya saki abin da ya riƙe, ya sanar. Malamin ya amince, ko da yake sai da ya sake nuna masa layi ɗaya mai tsawo.

Tun lokacin, in mai duba aiki ya yi tambayar da ta yi kama da wauta, nakan ɗauka ya taɓa zama a zaure irin namu. Kawu kuwa har yau abin da yake tunawa shi ne wayarsa ba ta cika ba.