Ranar da na zuƙe baƙin man motar Baba da sirinji

Shekarun baya can, ban daɗe da fara aikin jinya ba, na taɓa tsayar da masu kai lefe a ƙofar gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi saboda baƙin mai. Har yau in an haɗu a biki akwai gwaggon da ke nuna ni da baki, ni kuwa har yau ban ga laifina ba.

Mahaifina direba ne, ya tsufa yana kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka. Da ya rasu aka raba gado, tsohuwar jif ɗinsa mai shan gas, irin mai ja da ƙafa huɗu, ta faɗo rabona. Baffana, ƙanin Baba, bai taɓa haɗiye wannan rabon ba. A ganinsa motar gas ba ta mace ba ce, jira kawai yake in lalata ta a ce in miƙa masa makulli. Ni kuma ita kaɗai ce wurin da nake shiga in ji ƙamshin turaren Baba.

Tun ina ƙarama Baba yake sa ni zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ake duba baƙin mai da shi. A goge, a mayar, a sake zarowa, mota tana tsaye a daidai, inji a huce. Alama biyu ce a jikinsa, mai kuma tsakaninsu zai tsaya. Ya sha ba ni labarin wata motar gas da aka cika wa mai ya wuce ƙima, ta kama shan man jikinta tana ihu tana hayaƙi. An zare makulli ta ƙi mutuwa, suna kallo injin ya ƙone.

To, ɗan Baffa zai yi aure, za a kai lefe wani ƙauye da damina ta cinye hanyarsa. Motata kaɗai za ta shiga. Ana gobe tafiya Baffa ya karɓe ta, ya ce zai kai garejin abokinsa a Tarauni a canza mai. Har na ji daɗi.

Da safe mata sun hallara, an jera akwatuna, kowa ta sha leshi. Na ɗaga bonet kamar kullum, na zaro geji. Mai ya haye alamar sama ya yi nisa. Na goge na sake, haka dai.

Na ce, "Baffa, man nan ya yi yawa."

Ya ce, "Ni na sa a juye galan ɗin duka. Tafiya ce mai nisa, a bar raguwa ta yi me? Shiga ki tayar, rana tana yi."

Wato yadda mai awo ke yi wa mutum gyara a kan kwano, haka Baffa ya yi wa injin. Alheri ya yi a nufinsa, na san wannan. Amma na rufe bonet na jefa makullin a jaka.

"Ba za ta tashi a haka ba, Baffa."

"Ke! Jiya da wannan man na taho da ita daga Tarauni. Ta mutu ne?"

"Tarauni nan da nan ne. Wancan hanyar hawa ce da taɓo."

Sai wuri ya ɗauka. Wata gwaggo ta ce karatun asibiti ne ya hau mini kai. Baffa ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli tunda abin ya fi ƙarfina, gaban kowa. Wallahi ban taɓa musu da shi ba sai ranar. Mahaifiyata ta matso ta ce a hankali, "Kada ki ba ni kunya a gaban dangin ubanki." Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Na ce, "Umma, ki gafarce ni, amma a'a."

Na tsallaka kemis ɗin bakin layi na sayo babban sirinji da robar ƙarin ruwa. Na zura robar ta ramin geji na fara zuƙa. Mai mai sanyi ba ya sauri, fitowa yake kamar zuma. Ga ni a sunkuye cikin anko, gumi ya wanke hodar da na ɓata safiya ina shafawa, ina juye sirinji a gorar ruwa, gorar tana ta faɗuwa. 'Yan adaidaita suna rage gudu suna kallo.

Can na ji an riƙe gorar. Umma ce, ta tattare mayafinta ta durƙusa kusa da ni. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Yi sauri. Haka babanki yake, sai dai shi da baki yake zuƙa." Na ci gaba da ja, idona ya cika, ban ko iya ganin sirinjin sosai.

Sai da gorar ta cika muka shiga ta biyu kafin mai ya sauko ƙasan alamar sama. Mun isa ƙauyen bayan azahar, dangin amarya sun gaji da jira, abinci ya huce. An yi mana tsiya, mun biya da ban haƙuri. Baffa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Ba zan yi ƙarya in ce na san tabbas injin zai ƙone ba. Wataƙila ya kai mu lafiya, wataƙila mai ya yi kumfa ya tsattsafo ta ko'ina, wataƙila mu kwana a daji da akwatunan mutane. Baffa har gobe cewa yake babu abin da zai faru. Ni dai ban yarda a gwada da motar ubana ba.

An matsa mini in je in ba shi haƙuri, na je. Na durƙusa na ce ya yafe mini jinkirin da na jawo da ɗaga murya in na yi. Ya ce, "Da maganar man fa?" Na ce, "Wannan kam, Baffa, ko yau aka cika zan zuƙe."

Motar tana nan, ita ke kai ni aiki. Sirinjin yana aljihun gaban motar, makullin yana jakata.