Kaskon da Ban Kife Ba

Shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar ƙanwata Dije, kuma har yau in na tuna ta, kishi ke riga hawaye zuwa. Na san ba haka ake tuna mamaci a jarida ba, amma na tsufa da yi wa kaina kwalliya.

A unguwar Limanti ta Maiduguri muka tashi, 'ya'yan wani baduku da ya zo daga Kano ya zauna. Na shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Dije kuwa, ko rigar mijinta ta wanke sai ciki. 'Ya'ya biyar a shekara bakwai, uku duk kwanika, wato ciki a kan goyo. Mijinta ɗan dako ne, ita kuma dakau take yi wa matan attajirai, ciki a gaba, goyo a baya, taɓarya a hannu. In ta ce ta gaji da haihuwa, ji nake kamar in mare ta. Abin da nake shan rubutu da sassaƙe don in samu, shi take wa kuka.

Lokacin ba ƙwaya ba allura, in ma akwai ba su san hanyar lungunmu ba. Abin da mata suka riƙe shi ne mabiyiya: wai in an binne ta a kife, mace za ta huta shekaru. Da hantsin da ta haifi na biyar, ungozoma Ya Falmata ta sa mabiyiyar a tsohon kasko, Dije ta riƙo zanena.

"Yaya, ke za ki binne. Don Allah ki kife min ita. Ƙashina ya gaji."

Na ce to. Sai dai ta taɓa yi min alkawari a gaban innarmu, in ta sake haihuwa bayan na biyar ɗin nan ni za a ba riƙo. Na tsuguna bayan ɗaki, na haƙa rami, na daɗe ina kallon kaskon nan. Ban kife ba.

Bayan wata biyar, a shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, ta same ni a tsakar gida, ta rame kamar muciya.

"Yaya, ashe abin ma ƙarya ne. Wani ya shiga."

Na taya ta jimami da baki, cikina fal murna. Da watanninta suka cika ta haifi mace, jini ya ɓalle, kafin la'asar ta cika. Aka miƙo min jaririyar, aka mai da mata sunan uwar, muna kiranta Ummi.

Yau matan lungunmu asibiti suke zuwa don tazarar haihuwa. Da Dije na nan, ita za ta fara bin layi, ta dawo tana yi wa masu jin kunya tsiya. Wata jikarta mai aikin jinya ta ce binne mabiyiya ba ya hana komai, kife ko ba kife. Na yarda da ita. Amma abu ɗaya Dije ta taɓa roƙona, kuma ta tafi tana zaton na yi.

Ni na goya Ummi, ni na aurar da ita, Inna take kirana. Duk da haka wushiryar ta Dije ce, tafiyar ma haka. Kowace shekara sai ta zauna ta ce, "Inna, ba ni labarin mahaifiyata." Kalmar nan tana ƙona ni, don ba ta taɓa zama tawa ba. Nakan ba ta labarin duka, ban da kaskon.

Ummi, na san kina karanta jaridar nan. Ga ragowar.