Ƙugiyar da Na Ƙi Sawa a Littafin Baba Yohanna

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma akwai wata Alhamis a cikin damina, farkon shekarun 1990, da har yau ban iya mantawa da ita ba. Ita ce ranar da Baba Yohanna ya zo duba littafinsa a maɗaba'ar da na yi wa aiki a Kafanchan. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, bari in fara gaya muku yadda aikin yake a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane laifin da na yi ba.

Shekara goma sha bakwai na yi ina jera haruffan dalma da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Karatuna aji shida ne na firamare, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Mai maɗaba'ar, wanda muke kira Oga, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga kudu, amma haifaffen Kafanchan ne, Hausa a bakinsa kamar tawa. Da ya sayo kwamfuta sai ya ɗauko wata mai difloma, Rifkatu, ya ɗora ta a kaina. Ni da na koya wa rabin masu injin garin nan aiki, aka mayar da ni mai sa ƙugiya.

Kwamfutar ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Rifkatu takan buga b da d da k tsirara, ta fitar da shafin a takardar tiresin, wata takarda mai shara-shara. Ni kuma in shimfiɗa ta a teburin gilashi mai fitila a ƙarƙashi, in bi layi-layi da alƙalami mai siririn baki ina sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Daga nan sai a gasa shafin a kan farantin ƙarfe, a ɗaura a inji. In an gasa, gyara ya ƙare. Shi ya sa doka ce mai littafi ya zo ya duba tiresin ya sa hannu tukuna.

Baba Yohanna mai bishara ne da ya yi ritaya, mutumin Fadan Kaje. Shekara arba'in ya yi yana zaga ƙauyuka da keke tsakanin can da Zangon Kataf. Ya kawo mana littattafan rubutu guda shida irin na 'yan makaranta, cike da addu'o'i da waƙoƙin da ya tsara da kansa. Yanar ido ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Ya gaya wa Oga abu biyu yake so: littafin ya fito kafin taron ikilisiyoyinsu na ƙarshen shekara, kuma ya fito yana iya ganinsa.

Ina cikin aiki, a shafi na tara, na ci karo da "Dan Allah". Na duba rubutun tsohon, ga ƙugiya nan a kan harafin farko, ya lanƙwasa ta da kyau. Alƙalamina ya tsaya. Ni Musulmi ne, kun san abin da kalmar take nufi in aka sa mata ƙugiya, kun kuma san ba abin da na yarda da shi ba ne. In ba a sa ba, roƙo ne kawai, irin wanda kowa yake yi a kasuwa. Ƙugiyar ba ta kai ƙwayar acca ba. Na tsallake ta. Na tsallake ta a wuri talatin da ɗaya, sauran haruffa kuwa na yi musu aikin da ba mai kushewa.

Ban gaya wa Oga ba, don na san abin da zai ce: in ƙugiyar ma ta gagare ni, me ya rage mini a gidan? Na shawo kan kaina da cewa mutanen coci za su karanta yadda suka saba. Gaskiyar da zan faɗa yau ita ce ba addini kaɗai ba ne, har da haushi. An mayar da ni ba kowa ba, sai na samu wuri guda da hannuna yake da iko.

Ranar Alhamis ɗin ya iso wajen azahar, rigarsa a jiƙe, da gilashin ƙara girman rubutu a aljihu. Oga ya fita neman takarda, Rifkatu tana ɗakinta. Na kunna masa fitilar tebur na koma gefe. Yana karantawa da ido ɗaya, hancinsa kamar zai taɓa gilashi. Da ya zo shafi na tara sai ya daɗe. Ya wuce, ya sake daɗewa a na sha biyu, ya koma baya. Shekaru kaɗan ke nan da rikicin addinin da aka yi a garin, kowa yana lura da bakinsa. In maganar nan ta fita cewa Musulmi ya taɓa littafin coci, ba aikina kaɗai zai tafi ba.

Ya ajiye gilashin ya ce, "Malam Sale, mantuwa ne, ko hannunka ne ya ƙi?"

Na so in ce mantuwa ce. Amma mantuwa ba ta zaɓen kalma ɗaya sau talatin da ɗaya, shi ma ya sani. Na ce hannuna ne ya ƙi. Don in rufe kunya sai na ƙara da cewa ai shi ma in yana magana ba ya furta ƙugiyar, duka biyun "dan" yake cewa, kamar yawancin mutanensu.

Ya yi 'yar dariya. "Bakina ne ya kasa, ɗana. Alƙalamina bai taɓa kasawa ba."

Sai ya bayyana mini, ba faɗa. Ya ce akwai addu'ar da yake yi a bakin kabari, in aka cire ƙugiyar sai ta koma kamar mutum yana roƙon a rage masa farashin doya. Ya ce shi ya iya ta a ka, amma wanda zai karanta bayan ya mutu abin da ke takarda zai bi. Na ce to bari in kira Rifkatu ta sa. Ya riƙe mini hannun riga, ya ce in ta tambayi dalili fa? Kafin Lahadi maganar ta zaga kowace majami'a, shi kuma bai rubuta littafin addu'a don a ƙona wa wani shago ba.

"Ba zan sa ka rubuta abin da zuciyarka ta ƙi ba," in ji shi. "Ba ni alƙalamin. Kai dai nuna mini wurin, idona ba ya kaiwa."

Haka muka yi. Ni na danne tiresin da hannun hagu, ina ɗora ɗan yatsa a ƙarƙashin kalmar, shi yana sa ƙugiya. Ta farko ta fito kamar ƙahon akuya, ta biyu tawada ta ɗiga, sai da na kankare da reza. Na nuna masa yadda ake jingina gwiwar hannu a tebur, a ja numfashi a riƙe kafin a lanƙwasa. Abin da nakan gama a minti goma ya ci mana har la'asar. Da zan tashi salla ya ce in je, zai huta da idonsa. Na dawo muka ƙarasa takwas da suka rage, ya sa hannu.

Washegari Oga ya duba kafin a gasa. Ya kira ni gaban ma'aikata ya ce wasu ƙugiyoyin kamar kaza ce ta yi su, tsufa ya fara kama mini hannu. Rifkatu ta yi dariya. Na tsaya na shanye, don na san ya kamata a zage ni, dalilin ne kawai bai sani ba.

Littafin ya fito kafin taron. Baba Yohanna ya zo da kansa ya karɓa, ya buɗe shafi na tara ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa a jaka. Ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji idon ya rufe gaba ɗaya.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Masu kawo mana rubutu ba su san inji ba, ba su san faranti ba, sun miƙa mana abin da suka tara tsawon rai sun juya baya. Ma'aikaci yana da ikon ya ce ba zai yi ba. Abin da ba shi da iko shi ne ya yi shiru ya canza wa mutum magana, ya bar sunan mutumin a bango. Tun daga ranar, in aiki ya zo da hannuna ba zai iya ba, a bakin kanta nake gaya wa mai shi, ido da ido, kafin ya ajiye takardunsa. Sau biyu hakan ya kusa sa a kore ni, ban kuwa daina ba.