Hular Itacen da Ke Kan Hannun Gem ɗin Habu

Cikin duk ranakun da na yi a kan wannan benci, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Habu na Jahun ya kawo mana hannun gem ɗinsa, abin nan da ake riƙewa ana buga wasa a talabijin. Ku da kuke koyon aiki kun san ni da faɗa idan na ga mutum ya rarumi sukundireba kafin ya yi wa mai kaya tambaya. To, bari ku ji inda faɗan ya samo asali.

Lokacin ni ne babban yaro a shagon Malam Isyaku a Dutse, wato ni ke karɓar aiki idan ya fita, amma idan yana nan maganarsa ce ta ƙarshe. Waya muka fi gyarawa, sai dai masu gidajen gem sun san mu. Rabin abin da suke kawowa ba lalacewa ya yi ba, maƙalewa ya yi: memori ya ƙi fita daga raminsa, kan wayar kunne ya karye a ciki, ko batir ya yi ruwa ya kama murfi. Ƙa'idarmu a jere take. A fara ɗiga sifirit a jira. In ya ƙi, a hura masa iska mai zafi da bulowa har gam ya saki. In ya ƙi, a sa bakin ƙarfe a ɓamɓare. Ruwa kuwa, ko a kofi Malam bai yarda ya hau benci ba.

Wata safiya cikin damina sai ga wani mutum ya yi sallama, yana dogara sanda. Zai kai shekara talatin. Shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, ya kuma naɗe masa yatsun hannun hagu. Ya ce sunansa Habu, daga Jahun ya biyo mota. Ya kwance wani tsumma ya fito da tsohon hannun gem, irin mai igiya da aka daina yayi. A kan sandar hagu, wadda ake juya ɗan wasa da ita, an ɗora wata hular itace mai faɗin murfin kwalba, da ɗan kwari a tsakiya. Ta yi baƙi, ta yi santsi saboda taɓawa.

Matsalar ita ce sandar ta cinye daga ciki, ɗan wasansa sai ya riƙa tafiya gefe shi kaɗai. Canza ta ba wuya, amma sai an buɗe jikin, jikin kuma ba zai buɗu ba sai hular ta fita, don ta fi ramin faɗi. Na juya ta a haske. Akwai tsaga siririya daga baki har kusan tsakiya.

Malam Isyaku ya ce, "Malam Habu, me zai hana ka sayi sabo ka huta?"

Habu ya ce, "Ba zan iya da sabo ba, Malam. Babban yatsana ba ya lanƙwasuwa. Babanmu ne ya sassaƙa mini wannan da ƙotar tsohuwar fartanyarsa. Rani guda ya yi yana gogewa yana gwadawa a hannuna, har ta zauna."

"To a koma wajensa ya yi wata mana."

"Ya rasu bara waccan."

Muka yi masa gaisuwa.

Malam ya karɓi aikin da kansa. Ya ɗiga sifirit, muka jira, ko gezau. Ya ƙara, haka. Sai ya jawo bulowa ya kunna. Ni ina tsaye a kafaɗarsa ina kallon abin da ya daskare a wuyan sandar, wani abu ja-ja mai ƙyalli. Gam ɗin kanti fari yake bushewa, wannan kuwa kalar zuma gare shi. Iska ta fara dukan itacen, sai muka ji wani ɗan ƙas. Habu ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba, ya dafe benci.

Na ce, "Malam, don Allah a dakata."

Ya kashe. Tsagar ta ƙaru kaɗan, da ido ana gani. Na jiƙa yatsa da yawu na shafa wurin, ya yi danƙo. Na kai harshe. A gidan malamai na tashi a Takur, kuma tun kafin in iya rubutu ni ake sa wa jiƙa ƙaro a zuba a tawada don ta kama allo. Ko a mafarki aka ba ni wannan ɗanɗanon zan gane shi.

Na ce, "Ƙaro ne, Malam. Sifirit ba ya cin sa, zafi kuma ƙara busar da itacen zai yi. Sai ruwa."

"Ruwa? A kan bencina?" Ya dube ni kamar na ce a zuba wa injin miya. "Auwalu, in ɗigo ɗaya ya shiga ciki, kai za ka yi wa mutumin nan bayani."

Gaskiyarsa ce, kuma akwai abin da bai faɗa ba: itace ma yana shan ruwa ya kumbura, tsagar ta ƙarasa. Na juya na faɗa wa Habu duka biyun, ban rage komai ba.

Ya ce, "Injin ana samunsa?"

"Da wuya, amma ana samu."

"Itacen ba a samu. Ka kare itacen."

Malam ya matsa ya ba ni kujera, ya naɗe hannu. Na fara ɗaure hular da busasshen zare, zagaye bayan zagaye, don tsagar ta samu abin da zai riƙe ta. Na shafa wa ƙarƙashinta man kaɗanya don kada ta sha ruwa. Na karɓo ruwan ɗumi a wajen mai shayin maƙwabtanmu. Sannan na kifa hannun gem ɗin, hular na kallon ƙasa, yadda duk abin da ya ɗiga zai gudu daga injin. Na tsoma zaren auduga a ruwan, na matse, na naɗa a wuyan sandar. In ya huce in kwance, in sa wani.

Aikin ba shi da daɗin kallo. Hannuna ya ƙage, gumi na shiga idona, ba damar sauke kayan. Aka yi azahar, muka yi salla bi da bi, Malam ya riƙe mini a kife har na dawo. Hadari ya fara haɗuwa, motocin Jahun kuma ba sa jiran kowa idan ruwa ya taso. Na tambayi Habu ko zai bari ya dawo gobe. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Samarin unguwarmu suna zuwa ɗakina mu buga ƙwallo a gem. Ba wanda yake raga mini, ni ma ba na raga wa kowa. A nan kaɗai nake gudu, Malam Auwalu."

Tsoro nake ji sosai.

Can na ga ruwan da ke ɗiga daga zaren ya koma ja-ja. Na kama hular da tafin hannu duka, ba da yatsu ba, na murɗa kaɗan. Ta ƙi. Na ƙara zare biyu, na sake murɗawa. Ta motsa. Na yi bisimilla na ja a hankali, sai ga ta a tafina, ɗaya, ba biyu ba. Habu ya koma ya zauna ya rufe fuska da hular kansa.

Malam ya buɗe jikin, ya duba injin a bushe ƙarau, ya ciro sanda daga wani mataccen hannu a kwalinmu ya canza. Da aka zo mayar da hular, ya miƙa hannu ya ɗauko gam ɗin kanti, wanda in ya kama ya kama ke nan.

Habu ya ce, "A'a, Malam, a sa ƙaro. Ranar da Baba zai liƙa ta na kawo masa irin wannan, ya ƙi. Ya ce wata rana abin zai lalace, dole wani ya cire, kuma mai yiwuwa ba shi ba ne. Ya ce kada mu wahalar da mutumin."

Malam Isyaku ya mayar da gam ɗin cikin aljihun tebur. Ya miƙo mini makullin babur ɗinsa ya ce in je gidanmu a Takur wajen Baba Malam in samo ƙaro mai kyau. Na dawo yayyafi na dukana. Muka liƙa, muka gargaɗi Habu kada ya taɓa sai ta kwana ta bushe. Ya hau mota yana rungume da tsumman a ƙirji.

Shi ya sa nake ce muku, kafin ku ɓamɓare abu ku tambayi wanda ya kawo shi wa ya sa, kuma da me. In kuma ku ne masu liƙawa, ku tuna da wanda zai zo ya cire bayanku. Ni ban taɓa ganin baban Habu ba, manomi ne da ya rasu ban san da shi ba. Amma ranar da ya zauna yana jiƙa ƙaron nan, ni yake tausaya wa.