Huda Uku a Gindin Wutsiya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, 'yata Hadiza tana rubutawa, in kuka ya zo mu dakata.

Malam fataucin fatu yake yi. Daga Mai'adua, Baure da Mashi yake tattaro fatun awaki, ya zuba musu gishiri, ya jibge a ɗakin da ke zaure. Kowace fata sai ya yi mata huda uku da basilla a gindin wutsiya, shaidarsa ke nan. Mota ta kai Kano, daga nan sai ƙasar Turawa, inda ake ɗinka takalma da jakunkuna.

Sai aka fara cewa masana'antun can suna rufewa, an kwashe aikin an kai wata ƙasa. Na yi dariya, na ce me ya haɗa mu? Malam ya ce, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe." Motar ta rage zuwa, har ta daina. Fatun ƙarshe a ɗakin suka ruɓe, shi ma bai daɗe ba ya bi su.

Da zai leƙo yau, ya ga fata ta koma ganda a tukunya, ƙafa kuwa sai roba, ban san me zai ce ba.

Autana Sa'adu yana so ya rushe ɗakin ya yi shagon takalman roba. Ya ce, "Inna, ɗakin nan ko ɓera ya daina shiga." Na kusa yarda.

Ran Laraba Hadiza ta sayo mini tsohuwar jaka a gwanjo, irin kayan da Turawa suka gama da su. Shafin cikinta ya yage. Na zura hannu, yatsana ya faɗa huda. Na lalubo ta biyu. Ta ukun tana nan inda na san za ta kasance.

Hadiza ta ce ƙila ƙwaro ne. Ƙila.

Na rataye ta a ƙusar da Malam yake rataye hularsa. Tun ranar, da azahar tsaka, warin ɗanyar fata da gishiri yake fitowa daga ɗakin da ya fi shekara goma babu komai ciki. Ko akuyarmu ta daina ratsa zauren.

Na ce wa Sa'adu ya nemi wani wuri. Kayan Malam sun fara dawowa gida, kuma ban san nawa ne ke kan hanya ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.