Tallan Nono a Ɗakin Tiyata

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Talata, a shekarar da aka daina sule aka koma naira. Amma tsoron da na shiga ɗakin tiyata da shi ya girmi ranar. Mahaifiyata an yi mata aikin maƙoƙo a wani gari tun ina yarinya. Ƙullutun ya tafi, muryar ma ta tafi. Har yau in za ta kira mu sai ta buga kwano da ludayi. Ɗiyata Binta, da take goye a wannan Talatar, ba ta taɓa jin kakarta ta yi mata wasa da baki ba. Shi ya sa duk macen da aka kwantar mana da kumburin wuya, sai na kasa cin abinci.

Ga sababbin ma'aikata da ba su san ni ba, ni ce Ladi mai wanke kayan tiyata. Aji uku na yi a firamare a Roni. Rigata ruwan ƙasa ce. A tsarin asibitinmu likita ne a sama, sai babban nas na tiyata, sai ƙananan nas, sannan mu. Mai rigar ruwan ƙasa ba ta magana in ana aiki.

A lokacin ba mu da mai ba da iskar barci. Likitan da yake zuwa daga Kano duk Talata, wani Bamisire da ba ya jin Hausa, allurar kashe zafi yake yi a wuya, ya yi aikin mutum yana farke. Akwai wata jijiya siririya kamar zare a bayan maƙoƙon, ita take riƙe da murya. In aka ja ta ko aka ɗaure ta, nan take murya take dishewa. Don haka dole majiyyaci ya yi ta magana daga farkon aiki har ƙarshe, wani yana saurare. Ƙa'idar Malam Garba, babban nas ɗinmu, ita ce a yi ta ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Shi yake saurare, shi yake gaya wa likita da Turanci. Ni aikina in zauna a bayan labulen da aka tare fuskar majiyyaci, in riƙe hannu, in goge gumi.

Wadda aka kawo ranar ita ce Goggo Dije, Bafulatana daga wajen Gwiwa. Na san ta tun kafin ta kwanta, don a unguwarmu take tallan nono. In ta yi kira a bakin masallaci, muna jin ta daga tsakar gidanmu.

Da aka fara aiki Malam Garba ya ce ta ƙirga. Ta ƙirga, amma can ƙasa-ƙasa, kamar mai gaida suruki. Ga maza uku a kanta, wuyanta a buɗe, ba ɗankwali. Matar da ko sunan mijinta ba ta faɗa, ta yaya za ta ɗaga murya a nan? Ya ce ta ƙara, ta ce to, ta ci gaba da raɗa. Ya gaji, ya juya ya ce wa likita komai lafiya.

Ni kuwa sai na tambayi kaina. In mace tana raɗa tun farko, da me za a gane lokacin da muryar ta tafi? Raɗar kunya da raɗar wadda aka taɓa wa jijiya, daga nesa duk ɗaya suke. Na tuna kwanon mahaifiyata. Na sunkuya na ce mata a kunne ta bar ƙirgan nan, ta yi mini tallan da take yi a ƙofar gidanmu. Ta ce, "Ke 'yar nan, a gaban mutane?" Na ce ai a gaban mutane take yi kullum, har da limamai.

Sai ga shi: "Ga nono kindirmooo!"

Ƙaramin nas ya kusa sakin tire. Malam Garba ya leƙo bayan labule ya ce, "Ladi, nan kasuwar Kazaure ce? Wa ya sa ki?" Na ci gaba da riƙe hannun Goggo. Likita ya tambayi abin da ake ciki, aka gaya masa, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba. Goggo Dije ta yi ta kira, ina tambayarta ko akwai man shanu, tana cewa akwai, na jiya ne, ba ragi. In ta gaji in bar ta ta huta numfashi biyu, in sake cewa, mai nono, zo mana.

An fi awa ɗaya a haka. Likita ya gama gefen dama, ya koma hagu. Sai kiran ya canza. Farkonsa yana nan, amma jan ƙarshen nan da take kai shi sama ya karye, ya koma kamar iska a tsagar ƙofa. Na ce ta sake. Ta sake, haka dai. Na ce wa Malam Garba muryar ta canza. Ya ce gajiya ce, maƙogwaronta ya bushe, wa ya ce in sa ta ihu tun ɗazu. Na ce ba gajiya ba ce. Ya ce in na ƙara tofa baki, yau zan ajiye rigar gwamnati.

Na san in aka kore ni ba ni da takardar da zan nemi wani aikin da ita. Amma na miƙe tsaye har kaina ya wuce labulen, abin da ba a taɓa yi ba, na dubi likita na ce, "Likita, tsaya." Na kama wuyana, na yi masa kiran yadda yake da farko, sannan na yi shi yadda ya koma. Sau biyu na yi.

Hannunsa ya tsaya. Ashe ya riga ya zagaya zare zai ɗaure wata hanyar jini, saura ya ja ƙulli. Ya sassauta, ya sa aka matso da fitila, ya yi ta tonawa a hankali. Can ya kira Malam Garba ya nuna masa wani farin abu a cikin naman da zaren ya haɗa. Jijiyar muryar ce. Muka jira. Na ce Goggo ta kira. Na farko a dishe, na biyu a dishe. Wajen na shida jan ƙarshen ya fara dawowa, da ɗan kuskure, amma nata ne.

Kada ku ɗauka an yi mini godiya. Washegari aka mayar da ni wankin fo, kwanon bayan gida na majiyyata, a ɗakin mata, wata guda cur, saboda na yi magana a tiyata ba a tambaye ni ba. Metiron, shugabar nas ta asibitin, ta ce in je in ba Malam Garba haƙuri a rage mini. Na ce zan gaishe shi kamar kullum, don babba ne, amma haƙuri ban san na me ba. Na yi watana. Likitan ne da kansa ya tambayi ina mai sauraron nan, aka dawo da ni. Daga nan kowane mai maƙoƙo sai na je wurinsa tun ana gobe aiki, na ji muryarsa ta gaske. Mai kiran salla na sa shi kiran salla, makiyayi ya kira shanunsa. Malam Garba har yau ƙirga yake so, ni kuma ban daina ba.

Bayan wata biyu ina yi wa Binta wanka na ji kiran daga bakin masallaci. Mahaifiyata tana zaune a tabarma. Ta ɗaga kai ta saurara har aka kai ƙarshen jan, ta miƙo mini ƙwarya in sayo nono.

Yanzu ana ta kawo sababbin injuna, an ce har na iskar barci yana hanya, kuma sai masu takarda za su shiga ɗakin. Ban ƙi ba. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, wanda ya fi kusa da bakin majiyyaci shi yake fara ji, kowace irin riga ya sa. Roƙona gare ku ɗaya ne. In an zaunar da ke a kan wadda ake yi wa aikin maƙoƙo, ki san muryarta tun kafin a kwantar da ita. In ta canza, ki miƙe ki faɗa. Ku kuma manya, in ta faɗa, ku tsayar da hannu ku duba.