Ƙazantar da Na Kai Ƙofar Manaja

A shekarun da kamfanonin fata suka cika Challawa, ni matashin manomi ne mai zafin kai. Lambun da na gada a bakin kogi shi ke ciyar da gidanmu. Sai wani kamfani ya saki baƙin ruwansa ta gefen lambun. Latas ya ƙone, tumatir ya bushe, wari kuwa ko jakina sai ya kau da kai.

Na sa rigar Juma'a na je wajen manajan kamfanin, Bahaushe ɗan'uwanmu da boko ya hau masa kai. Ko zama bai ce in yi ba. Ya toshe hanci da hankici, ya dubi akawunsa ya faɗi wata kalmar Turanci, "scum", suka kwashe da dariya. A waje na matsa wa masinjan ofishin ya fassara mini kalmar, da ƙyar ya gaya mini cewa kumfar ƙazanta ce da ke tasowa a kan ruwa, kuma haka ake kiran mutumin banza marar daraja. Wato wanda ya zubo mini najasa a gona shi ne mai tsabta, ni ne ƙazamin!

Na yi ta kwasar wannan kumfa da ruɓaɓɓen gashin fata daga baƙin ruwan kamfanin har na cika durom biyu. Ranar Juma'a da mutane suka tafi masallaci, na sa a a-kori-kurar abokina, muka juye su a ƙofar gidan manajan da ke unguwar Nassarawa. Na dawo ina dariya kamar an yi mini albishir.

Ashe yana Kaduna, ko warin bai ji ba. Maigadinsa, wani dattijo daga Nijar, shi matar gidan ta sa ya kwashe da hannu. Gubar ta sale masa fata har gwiwar hannu, sannan aka kore shi daga aiki wai don ya bar bakin ƙofa ba tsaro. Na gan shi a tashar Na'ibawa, hannu naɗe da tsumma, na kasa gaishe shi.

Manajan nan har gobe ban yafe masa ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Amma masu karatu, kafin ku rama wa babba, ku duba wanda ke tsaron ƙofarsa. Dattijon nan bai taɓa zagina ba, kuma ko sunansa ban sani ba balle in nemi gafararsa.